Idan Masu Taya Alƙali Yanke Hukunci Suka Ƙi Aiki da Doka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk mai bin labaran shari'o'in Amurka da Birtaniya ya saba jin an ce masu taya alƙali yanke hukunci, wato juri, sun wanke wane, wani lokacin ma a shari'ar da kowa yake ganin hujja ƙarara. Sau da yawa dalilin shi ne hujjar da aka kai gaban kotu ba ta kai yadda jaridu suka zuzuta ta ba. Amma akwai lokutan da suka gani sarai, suka gamsu cewa mutumin ya aikata, kuma da gangan suka ƙi kama shi da laifi. Tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan al'amari ne, da kuma inda 'yancin waɗannan mutane ya tsaya.

Su wane ne juri, kuma mene ne aikinsu?

Juri mutanen gari ne da ake zaɓowa ta hanyar ƙuri'a, galibi daga rajistar masu zaɓe: direba, malamar makaranta, mai shago, ɗan fansho. A manyan shari'o'in laifi a Ingila da kotunan tarayyar Amurka su 12 ne. Aikin a rabe yake. Alƙali shi ke faɗin abin da doka ta tanada, ya tantance hujjar da za ta shiga da wadda ba za ta shiga ba, kuma galibi shi ke yanke tsawon ɗauri. Juri kuwa su ke sauraron shaidu, su yanke ko mai gabatar da ƙara ya tabbatar da laifin har babu sauran kokwanto mai tushe. Kafin su zauna sai sun yi rantsuwar cewa za su yi hukunci bisa hujjar da aka gabatar.

Akwai abu biyu da ya kamata a riƙe tun daga nan. Suna tattaunawa ne a ɗaki su kaɗai, ba alƙali ba lauya. In sun fito kuma, abin da shugabansu zai faɗa bai wuce "yana da laifi" ko "ba shi da laifi" ba. Babu wanda zai tambaye su dalili.

To yaya ake yi su jingine doka?

Sai su fito su ce ba shi da laifi, alhali a ransu sun san ya yi. Wani lokaci dokar ce suke ganin zalunci ce. Wani lokaci dokar ba ta da aibu, amma suna ganin bai kamata a ɗora ta a kan wannan mutumin ba, ko kuma hukuncin da ke jiransa ya fi laifin girma nesa ba kusa ba. Wani lokaci kuma son zuciya ne tsagwaronsa, kamar ƙabilanci da wariyar launin fata.

Babu dokar da ta rubuta musu wannan dama. Ta fito ne daga haɗuwar wasu ƙa'idoji biyu: ba a hukunta juri saboda hukuncin da suka yanke, kuma wanda suka wanke ba a sake gurfanar da shi a kan wannan laifin. Idan ka haɗa biyun, ka ƙara da cewa ba sa bayar da dalili, to ƙofa ta buɗe.

Yaushe aka daina hukunta su?

A shekarar 1670, a Landan. A lokacin doka ta hana tarukan ibada waɗanda ba na cocin gwamnati ba. Hukuma ta rufe wurin ibadar wata ƙungiyar Kiristoci da ake kira Quakers, sai William Penn, wanda daga baya ya kafa yankin Pennsylvania a Amurka, ya tsaya a titin Gracechurch ya yi wa jama'a wa'azi. Aka kama shi tare da William Mead, aka gurfanar da su a kotun Old Bailey bisa tuhumar haramtaccen taro da tayar da zaune tsaye.

Juri suka dawo suka ce sun sami Penn da laifin yin magana a titin Gracechurch, shi ke nan. Magana a titi kuwa ba laifi ba ce. Alƙalai suka fusata, suka mayar da su ɗaki, suka sa aka kulle su kwana biyu babu abinci, babu ruwa, babu wutar jin ɗumi. Da aka sake fito da su, sai suka ce gaba ɗaya mutanen biyu ba su da laifi. Kotu ta ci kowannensu tara, ta ce wanda bai biya ba a kai shi kurkuku. Edward Bushel da wasu abokansa suka ƙi biya, suka yi makonni a tsare, har ƙorafinsu ya kai gaban Babban Alƙali John Vaughan, wanda ya ba da umarnin a sake su.

Dalilin da Vaughan ya bayar yana da muhimmanci, domin mutane da yawa suna jingina masa abin da bai faɗa ba. Bai ce juri suna da 'yancin yin watsi da doka ba. Abin da ya kafa hujja da shi shi ne mutum biyu masu gaskiya suna iya sauraron shaida ɗaya su fahimce ta daban, don haka alƙali ba shi da hanyar tabbatar da cewa juri sun yi ƙarya. Har yau akwai allo a jikin bangon Old Bailey da ke tunawa da jarumtar waɗannan mutane 12.

Haƙƙi ne ke nan, ko dama ce kawai?

Kotunan yau sun tsaya a kan cewa iko ne da ba za a iya ƙwacewa ba, amma ba haƙƙi ne da doka ta amince da shi ba. A farkon kafuwar Amurka ba haka abin yake ba. A 1794, Alƙalin Alƙalai na farko, John Jay, ya shaida wa juri a gaban Kotun Ƙoli cewa suna da damar yin hukunci a kan doka da kuma abin da ya faru, ko da yake ya ce ana kyautata zaton alƙalai sun fi sanin doka. Shekara ɗari bayan haka ra'ayi ya juya. A shari'ar Sparf ta 1895, wadda ta taso daga kisan kai a cikin jirgin ruwa a tsakiyar teku, Kotun Ƙoli ta ce wajibin juri ne su karɓi doka daga bakin alƙali su yi aiki da ita.

A 1972 wata kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta sake duba maganar a shari'ar Dougherty, ta wasu masu adawa da yaƙin Vietnam da suka kutsa ofishin kamfanin Dow Chemical. Kotun ta yaba wa tarihin juri da suka ƙi bin dokokin zalunci, amma ta ce alƙali ba zai sanar da su wannan iko ba. Tunaninta shi ne idan lamiri ya matsa wa mutane ƙwarai za su gano hanyar da kansu, amma idan aka faɗa musu a kowace shari'a za su riƙa amfani da ita a kan abin da bai kai ya kawo ba. Babban alƙalin kotun, David Bazelon, bai yarda ba, ya ce ɓoye wa juri gaskiya bai dace da kotu ba. Ni ma a nan na fi karkata ga Bazelon. Tsarin da ya dogara da jahilcin mutanen da ya ɗora wa amana yana da rauni a gindinsa.

Ya taɓa amfanar da wani a zahiri?

Ƙwarai kuwa. A Ingila ta ƙarni na 18 da farkon na 19 akwai laifuffuka fiye da 200 da hukuncinsu rataya ne. Satar kayan da kuɗinsu ya kai sule 40 daga cikin gida tana cikinsu. Juri sukan zauna, ga kayan da kowa ya san sun haura haka, sai su ce ƙimarsu sule 39 ce. Ɓarawon ya sha hukunci, amma ya tsira da wuyansa. Yawan faruwar haka yana cikin abin da ya sa majalisa ta rage waɗannan dokoki, domin hatta 'yan kasuwa sun gane cewa dokar da juri ba sa yarda su yi aiki da ita ba ta kare dukiyar kowa.

A New York a 1735 aka gurfanar da mai buga jarida John Peter Zenger saboda sukar Gwamna William Cosby. A dokar wancan zamani, kasancewar abin da ka rubuta gaskiya ne ba ya kare ka. Lauyansa Andrew Hamilton ya amsa cewa Zenger ne ya buga, ya roƙi juri su duba ko ƙarya aka yi. Suka wanke shi.

A 1850 Amurka ta yi dokar da ta wajabta mayar da bayin da suka gudu ga iyayengijinsu, ta kuma tanadi hukunci ga duk wanda ya taimaka musu. A watan Fabrairun 1851 wasu mutane suka kutsa kotu a Boston suka fitar da Shadrach Minkins, wanda ya gudo daga Virginia, suka tsallakar da shi zuwa Kanada. Gwamnati ta gurfanar da waɗanda take zargi, amma ba ta samu juri sun kama ko mutum ɗaya da laifi ba.

Na kusa-kusa shi ne Clive Ponting, babban ma'aikaci a Ma'aikatar Tsaron Birtaniya. Ya aika wa ɗan majalisa Tam Dalyell takardun sirri a kan nutsar da jirgin yaƙin Ajantina, General Belgrano, a yaƙin Falklands na 1982, inda mutum 323 suka mutu. Takardun sun nuna ministoci ba su faɗa wa majalisa gaskiya ba. A shari'arsa a 1985 alƙali ya shaida wa juri cewa maslahar ƙasa ita ce manufar gwamnatin da ke kan mulki, wanda hakan ya rushe kariyar Ponting. Juri suka saurara, suka shiga ɗaki, suka fito suka wanke shi.

Ya taɓa cutarwa fa?

Ya cutar, cuta mai muni, kuma duk wanda ke yabon wannan iko bai kamata ya tsallake wannan babi ba.

A watan Agustan 1955 wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14, Emmett Till, ya je ziyarar dangi daga Chicago zuwa jihar Mississippi. Aka zarge shi da yi wa wata farar mata rashin kunya a kanti. Cikin dare mijinta Roy Bryant da ɗan'uwansa J. W. Milam suka je gidan da yake kwana suka tafi da shi. Bayan kwanaki aka tsamo gawarsa daga kogin Tallahatchie, an ɗaura masa ƙaton ƙarfen injin gurzar auduga a wuya da waya mai ƙaya. A kotu, dattijo Mose Wright, wanda a gidansa aka ɗauke yaron, ya miƙe tsaye ya nuna Milam da yatsa, abin da a wancan wuri da wancan lokaci kan iya jawo wa baƙar fata rasa ransa. Juri duka maza ne, duka farare. Mintoci 67 suka yi a ɗaki suka fito suka wanke su. Bayan 'yan watanni, a Janairun 1956, mutanen biyu suka ba mujallar Look labarin yadda suka kashe shi, aka biya su kuɗi, kuma babu abin da doka ta iya yi, tunda an riga an wanke su.

Ƙa'idojin da suka ceci masu taimakon Minkins su ne dai suka ceci makasan Till. Wannan iko ba shi da lamirin kansa, yana ɗaukar halin waɗanda ke zaune a kan kujerun ne. Shi ya sa tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa aka bari ya zauna. A yankin da aka yi shari'ar Till baƙaƙe suna da yawa ƙwarai, amma babu ko ɗaya da ke cikin rajistar zaɓe, don haka babu wanda za a kira. Gyaran da aka yi daga baya ta nan ya bi: dokar tarayya ta 1968 da ta ce a zaɓo juri daga dukkan sassan al'umma, hukuncin Kotun Ƙoli na 1975 da ya hana ware mata, da na shari'ar Batson a 1986 da ya hana mai gabatar da ƙara cire mutum saboda launin fatarsa. An ga tasirin haka a shari'ar Byron De La Beckwith, farar fatar da ya harbe Medgar Evers, ɗan gwagwarmayar kare haƙƙin baƙaƙe, a 1963. Sau biyu a 1964 juri farare zalla suka kasa cimma matsaya. A 1994 juri mai baƙaƙe da farare suka kama shi da laifi.

Me ya hana gwamnati ta ɗaukaka ƙara?

A Amurka gyara na biyar na kundin tsarin mulki ya hana a gurfanar da mutum sau biyu a kan laifi ɗaya. Amma akwai ramuka. Gwamnatin tarayya da ta jiha hukumomi biyu ne daban, kowace na iya kawo tata tuhumar. A 1965 juri farare a Alabama sun wanke wani ɗan ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan da aka tuhuma da kisan Viola Liuzzo, 'yar gwagwarmayar kare haƙƙin baƙaƙe, sai gwamnatin tarayya ta gurfanar da shi da abokansa bisa take haƙƙin ɗan ƙasa, aka ɗaure su shekara 10. Iyalan wanda aka cuta kuma suna iya shigar da ƙarar neman diyya.

A Ingila, dokar 2003 ta ba da damar sake shari'a a manyan laifuffuka idan sabuwar hujja mai ƙarfi ta bayyana. Sabuwar hujja ake nema, jin haushin hukuncin farko bai isa ba. A Kanada gwamnati tana iya ɗaukaka ƙara idan alƙali ya yi kuskuren doka. A shekarun 1970 juri a Quebec sun yi ta wanke likita Henry Morgentaler a kan zubar da ciki, amma a karon farko kotun ɗaukaka ƙara ta soke wankewar ta kama shi da laifi da kanta. Abin ya tayar da ƙura, majalisa ta gyara doka ta ce iyakar abin da kotun sama za ta yi shi ne ta sa a sake shari'a.

Suna iya yin akasin haka, su ɗaure wanda hujja ba ta kama ba?

Yana faruwa, amma a nan akwai birki. Alƙali na iya dakatar da shari'a idan hujja ba ta isa ba, kuma wanda aka ɗaure yana da damar ɗaukaka ƙara. Da gangan aka karkatar da ma'aunin zuwa ɓangaren wanda ake tuhuma.

Idan hujja ta fito fili, alƙali ba zai umarce su su ce yana da laifi ba?

Ba zai iya ba. Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe, ta faɗa a shari'ar Wang ta 2005 cewa babu wani yanayi da alƙali zai ba da irin wannan umarni. Shekara ɗaya bayan haka Kotun Ƙolin Kanada ta faɗi haka a shari'ar Grant Krieger, mai fama da ciwon jijiyoyi wanda ke noma tabar wiwi don magani. Alƙali ya ce wa juri su shiga su dawo da hukuncin yana da laifi. Biyu daga cikinsu suka nemi a sallame su saboda zuciyarsu ba ta yarda ba, ya ƙi. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, ta ce an hana mutumin shari'ar juri da tsarin mulki ya ba shi.

Lauyan wanda ake tuhuma zai iya roƙonsu su yi watsi da doka?

A mafi yawan kotuna a'a. Alƙali zai katse shi, yana iya tuhumarsa da raina kotu. Kotun Ƙolin Kanada ta tsawata wa lauyan Morgentaler a 1988 a kan haka, ta ce idan aka bi wannan hanya, makomar mutum za ta dogara ne da irin juri da ya faɗa hannunsu. Jihar New Hampshire ta yi doka a 2012 da mutane suka ɗauka ta buɗe wannan ƙofa, amma kotun ƙolin jihar ta taƙaita ma'anarta a 2014. Abin da ƙwararrun lauyoyi ke yi shi ne su nuna wa juri ko wane ne mutumin da abin da ya kai shi, su bar sauran a hannunsu.

Wanda ya tsaya a ƙofar kotu yana sanar da mutane fa?

A nan rigimar take a yau. A watan Maris na 2023 wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a mai ritaya, Trudi Warner, ta tsaya a wajen wata kotu a Landan inda ake shari'ar masu fafutukar sauyin yanayi, tana riƙe da kwali mai cewa juri suna da cikakken 'yancin wanke mutum bisa lamirinsu. Ba ta yi wa kowa magana ba. Lauyoyin gwamnati suka nemi a hukunta ta bisa raina kotu. A Afrilun 2024 Babbar Kotu ta ƙi ba da izinin ci gaba da ƙarar, tana mai cewa abin da ta rubuta ƙa'ida ce da aka daɗe da sani. A New York ma, a 2012, wata alƙaliyar tarayya ta kori tuhumar da aka yi wa Julian Heicklen, tsohon malamin jami'a da ke raba takardu a gaban kotu. Bambancin da ta yi shi ne tsakanin yin bayani ga jama'a gaba ɗaya da ƙoƙarin juya ra'ayin ɗan juri a wata shari'a takamaimai. Na biyun laifi ne babba, kuma ya kamata ya ci gaba da zama laifi.

Ana iya cire ɗan juri idan aka gane niyyarsa?

Ana iyawa. A Amurka ana yi wa mutane tambayoyi kafin a zaɓe su, kuma wanda ya ce ba zai bi doka ba sai a sallame shi. A shari'ar da ake neman hukuncin kisa, wanda ya ce ba zai taɓa amincewa da kisa ba ba ya zama. Ko an fara tattaunawa ma ana iya cire mutum, sai dai sharaɗin yana da tsauri. A shari'ar Thomas ta 1997, ta fataucin ƙwayoyi a jihar New York, alƙali ya cire baƙar fata ɗaya tilo da ke cikin juri bayan abokansa sun yi ƙorafin ya ƙi yarda da su. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce jingine doka saɓa rantsuwa ne kuma dalili ne na cirewa, amma ta soke hukuncin, saboda akwai yiwuwar mutumin hujjar ce kawai ba ta gamsar da shi ba. Matuƙar akwai wannan yiwuwar, dole a bar shi.

Mutum ɗaya zai iya hana a ɗaure wani?

A Amurka zai iya hana hukunci, domin tun shari'ar Ramos ta 2020 dole bakin juri ya zo ɗaya a manyan laifuffuka a dukkan jihohi. Amma hakan ba wankewa ba ce, gwamnati na iya sake shari'ar da sababbin mutane. A Ingila tun 1967 ana karɓar hukuncin mutum 10 cikin 12 bayan an ba su isasshen lokaci.

Ban da wannan, ina 'yancinsu ya tsaya?

Ya tsaya a bakin hujjar da aka gabatar a kotu. Ɗan juri ba shi da damar yin nasa binciken. A Ingila a 2011 an yanke wa wata 'yar juri ɗaurin wata 8 saboda ta yi hira ta Facebook da ɗaya daga cikin waɗanda aka tuhuma, a 2012 kuma aka yanke wa wata malamar jami'a ɗaurin wata 6 saboda ta binciko tarihin wanda ake tuhuma a intanet ta faɗa wa sauran. Dalilin a fili yake: abin da ka karanto a wayarka, wanda ake tuhuma bai san da shi ba balle ya kare kansa. Fallasa abin da aka tattauna a ɗaki ma laifi ne a Ingila.

Akwai wata shari'ar kisan kai a 1994 inda aka kwanar da juri a otal, huɗu daga cikinsu suka jera haruffa da kofin gilashi suna neman ruhin mamacin ya faɗa musu wanda ya kashe shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, aka sake shari'a, aka sake kama mutumin da laifi. Kotu ta iya bincikar lamarin ne saboda a otal ya faru, ba a ɗakin tattaunawa ba. Haka sirrin ɗakin yake da ƙarfi. A Amurka sai a 2017, a shari'ar Peña-Rodriguez, Kotun Ƙoli ta yarda a ɗaga wannan labule idan ɗan juri ya furta kalaman wariyar launin fata ƙarara a matsayin dalilin kama mutum da laifi.

Sau nawa abin yake faruwa?

Tunda ba a ba da dalili, ƙirga shi ba ya yiwuwa kai tsaye. Ko shari'ar mutum huɗu da aka wanke a Bristol a 2022 bayan sun tumɓuke gunkin dillalin bayi Edward Colston, lauyoyinsu sun kawo kariyar da doka ta sani, don haka ba za a ce tabbas jingine doka aka yi ba. Babban binciken da aka fi ambato shi ne na Harry Kalven da Hans Zeisel na Jami'ar Chicago, wanda ya fito a 1966 bayan duba shari'o'i fiye da 3,500. Sun gano alƙali da juri suna dacewa a kashi 78 cikin 100. A kashi 19 juri sun fi alƙali sassauci, a kashi 3 sun fi shi tsanani, kuma akasarin saɓanin a shari'o'in da hujja ke da rauni ne. A tuna kuma cewa fiye da kashi 90 na waɗanda ake samu da laifi a Amurka amsa laifinsu suke yi bayan ciniki da mai gabatar da ƙara, ba sa ma ganin juri.

Yana kama da abin da Sayyidina Umar ya yi a shekarar yunwa?

Mai karatu Musulmi zai iya tuna ruwayar da ta ce Halifa Umar bai zartar da haddin sata ba a shekarar fari, da ƙa'idar malamai ta kawar da haddi idan akwai shubuha. Damuwar ɗaya ce, kada hukunci ya faɗa kan wanda larura ta tilasta. Amma hanyar daban take. Can shugaba ne ko alƙali masani yake aiki da ƙa'idar da ke cikin shari'ar kanta, kuma dalilinsa sananne ne. Nan kuwa mutanen gari ne suke fita daga abin da aka karanta musu, ba tare da sun bayyana dalili ba.

A ƙasashenmu akwai wannan tsari?

A Najeriya alƙali ne ke auna hujja ya kuma yanke hukunci, a rubuce da dalilansa. An taɓa amfani da juri a Legas tun zamanin Turawa, daga baya aka daina. Sassaucin da ke wajen harafin doka yana hannun Antoni Janar, wanda zai iya janye ƙara, da gwamna ko shugaban ƙasa masu ikon afuwa. A Ghana kuwa tsarin mulkin 1992 ya tanadi juri a manyan laifuffuka irin su kisan kai, kuma mutum 7 ne ke zama, don haka Bahaushen zango a Kumasi ko Accra yana iya samun kansa a wannan kujera. Afirka ta Kudu ta soke juri a 1969. Indiya ma ta bar tsarin, kuma shari'ar da aka fi tunawa ita ce ta hafsan sojan ruwa Nanavati a 1959, wanda juri suka wanke da ƙuri'a 8 da 1 bayan ya harbe masoyin matarsa, Babbar Kotun Bombay ta soke hukuncin ta ɗaure shi.

A ganinka a bar wannan iko ko a toshe shi?

A bar shi. Hanyoyin toshe shi su ne a hukunta juri, ko a tilasta musu kare kansu, ko a ba gwamnati damar maimaita shari'a har sai ta samu abin da take so, kuma kowace cikinsu ta fi cutar muni. Masu suka suna da hujja mai nauyi: majalisar da miliyoyi suka zaɓa ce ta yi doka, mutum 12 da ba wanda ya zaɓa bai kamata su rushe ta ba, kuma mutum biyu masu laifi iri ɗaya suna iya samun hukunci daban. Amsata ita ce juri ba sa soke doka, tana nan daram washegari. Abin da suka ƙi shi ne a yi amfani da hannunsu a kan mutum ɗaya. Idan juri daban-daban suka yi ta ƙi a kan doka ɗaya, kamar yadda aka gani a zamanin haramta giya a Amurka daga 1920 zuwa 1933, to majalisa ta sami saƙon da ya kamata ta saurara. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne mutum ya shiga da shirin da ya ƙulla tun daga gida.

Idan ina zaune a Birtaniya ko Amurka aka aiko mini takardar kira fa?

Ka amsa, domin ƙin amsawa ba tare da uzuri ba yana jawo tara. A Amurka sai ɗan ƙasa ne ke zama, don haka idan ba ka da takardar zama ɗan ƙasa ka rubuta haka a fom ɗin ka mayar. A Ingila da Wales ana duba rajistar zaɓe ne, da shekaru 18 zuwa 75, da zaman shekara 5 a ƙasar tun bayan cika shekara 13. Idan aka tambaye ka ra'ayinka kafin zaɓe, ka faɗi gaskiya ko da za ta sa a sallame ka, domin ƙarya a ƙarƙashin rantsuwa laifi ce mai zaman kanta kuma tana iya rushe shari'ar gaba ɗaya. Idan addininka ko lamirinka ba zai bar ka ka yi hukunci a wata irin shari'a ba, ka sanar da alƙali tun kafin a rantsar da kai. Idan Turancinka bai kai ka bi bayanan shaidu ba, shi ma ka faɗa. Kana iya rantsuwa da Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki, ko ka yi alkawari ba tare da littafi ba. Bayan an fara, kada ka bincika komai a waya, kada ka tattauna shari'ar da iyalinka, kuma duk abin da ya shige maka duhu ka rubuta a takarda ka ba ma'aikacin kotu ya miƙa wa alƙali.